Kafin mu zaɓi manhajar karatu, mu tambayi rezo da wuta

Ni malamin koleji ne a jihar Maraɗi. Tun da korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, duk taron da muka je sai an yi mana maganar karatu ta intanet. Ban ƙi ba. Amma an taɓa kawo mana wata manhaja ta haya, muka yi watanni muna zuba darussa a ciki. Ranar da masu tallafin suka tafi, kuɗin haya ya ƙare, ƙofa ta rufe da duk wahalarmu a ciki.

Shi ya sa nake goyon bayan buɗaɗɗiyar manhaja, wadda kowa ke da ikon sauke ta, ya gyara, ya ajiye a na'urarsa ba tare da biyan lasisi ba. Sai dai su ma ba ɗaya suke ba.

Wadda aka fi sani ita ce Moodle, da Martin Dougiamas ɗan Ostireliya ya fitar a 2002. Tana da jarrabawa da maki da rajistar ɗalibai, ta dace da wuri irin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ko horon malamai. Amma tana buƙatar babbar kwamfuta da ke kunne dare da rana, da ƙwararren da zai kula da ita.

A ƙauyukan Agye da Gazawa da Gidan Rumji fa? Mun ga abin da ya faru a Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, alhali layin da ke shigo mana daga Katsina a Gazawa yake sauka. Ƙauyuka da yawa ma ba su taɓa ganin turken wuta ba. A gida kuma sau tari waya ɗaya ce, tana aljihun maigida, yana kasuwa ko gona.

Don haka ni Kolibri na zaɓa wa makarantun karkara. Ƙungiyar Learning Equality ta ƙera ta don wuraren da ba intanet. Ana sa ta a kwamfuta guda da ke aiki da hasken rana, yara su haɗu da ita ta wifi a cikin aji, ba wanda zai sayi kati. Tunda a 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa, mu ne ya kamata mu zuba mata darussan Hausa da hannunmu.

Iyaye, musamman 'yan kwamitin makaranta, duk wanda ya zo da manhaja ku yi masa tambaya uku: tana aiki in ba rezo? Wa zai gyara ta in ta lalace? In kun tafi, darussan suna hannun wa? In ya kasa amsa ta ukun, kada ku sa hannu.