Takardar Shaida Ba Ta Karɓar Haihuwa

Duk wanda ya san yadda magabatanmu suka riƙi ilimi, ya san ba su taɓa aminta da karatun da aka ɗauka daga littafi kaɗai ba, sai almajiri ya durƙusa a zauren malami shekara da shekaru, yana biyawa ana gyara masa, yana lura da ladabin malam kamar yadda yake lura da lafazinsa, kana a ba shi ijaza. Mun kiyaye wannan ƙa'ida a fiƙihu da nahawu, amma mun sake ta a fannin da kuskure ɗaya ke salwantar da rai biyu a dare guda, wato jinya da ungozomanci.

Yarinya takan gama makaranta, ta ci jarrabawar hukumar da ke ba da lasisin jinya da ungozomanci, a tura ta asibitin ƙauye inda babu likita, ta wayi gari ita ce babba ita ce ƙarama. Ta karanta cewa allurar maganeziyam salfet ce maganin jijjiga, oksitosin kuma na tsayar da zubar jini bayan haihuwa. Amma sa'ad da aka shigo da mai naƙuda cikin dare tana taune-taune, ga dangi sun cika ƙofa, ga wuta ta ɗauke, abin da take bukata shi ne natsuwar wadda ta sha ganin irin wannan hali. Akwai kuma abin da ba ya cikin manhaja ko kaɗan: yadda za ta gane ciwon mai haihuwar fari wadda kunya ta hana ta ko da nishi, da lafazin da za ta yi wa uwar miji har ta yarda a tafi babban asibiti tun lokaci bai ƙure ba. Wannan hikima sai daga bakin murabbiya ake samunta.

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutuwar mata 512 a cikin kowace haihuwa 100,000, kuma nauyin ya fi sauka a Arewa. Gwamnatin tarayya ta yi hangen nesa a 2009 da ta kafa shirin tura ungozomomi karkara, wanda ya haɗa sababbin fitowa da waɗanda suka yi ritaya. Sai dai alawus ɗin da aka ɗora wa jihohi da ƙananan hukumomi ya riƙa yankewa, da yawa suka bar wuraren aikinsu. A yau kuma ƙwararrunmu na ta hijira zuwa Ingila da Saudiyya, suna tafiya da ilimin da ba a rubuta ba.

Wajibi ne kuma a faɗa wa manyan sistoci gaskiya, cewa tsawa da wulaƙanta ƙarama a gaban majinyata ba tarbiyya ba ce, domin wadda ke tsoron tambaya ɓoye kuskurenta za ta yi, majinyaciya kuwa ita ke biyan diyyar wannan tsoro.

Kirana ga kwamishinonin lafiya na jihohinmu shi ne su dawo da dattijan ungozomomin da suka yi ritaya, a haɗa kowace sabuwar ma'aikaciya da ɗaya daga cikinsu har tsawon shekararta ta farko, a sa haƙƙinsu da kuɗin motarsu cikin kasafin kuɗi, a kuma biya su a kan kari.