Na'urar Haɗa Sauti: Wacce Ta Fi Dacewa da Ɗalibi?

Duk wanda ya halarci biki a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ya san amon fiyano. Tun da finafinan Kano irin su Sangaya na 1999 suka yi tashe, sautin na'ura ya zama ruwan dare a ƙasar Hausa. Sai dai mafi yawan matasan da ke danna ta ba su san yadda lantarki ke rikiɗa ya zama sauti ba. Wannan giɓi ne da ya kamata malaman kimiyya su cike.

Kakar waɗannan fiyano ita ce na'urar haɗa sauti ta analog, wato sintesaiza. Gaɓoɓinta manya guda uku ne. Ta farko ita ce mahaifar sauti, mai sa lantarki karkarwa. Ta biyu rariya ce, mai tace amon, ta rage kaifinsa ko kaurinsa. Ta uku kuwa amfilifaya ce, mai ƙara masa ƙarfi ko rage shi. Haka algaita take: bakinta ke karkarwa, jikinta ke gyara amon, numfashin mabushi ke ba shi ƙarfi.

A 1964 Robert Moog na Amurka ya fito da irin da ake kira mai gaɓa-gaɓa. Kowace gaɓa zaman kanta take, fuskar na'urar cike da ramuka, sai makaɗi ya haɗa su da wayoyi yadda ya ga dama. Idan bai haɗa ba, ko tari ba za ta yi ba. A 1970 kamfaninsa ya fito da Minimoog, dunƙulalliya, wadda aka riga aka haɗa gaɓoɓinta daga ciki. An jera mamurɗanta daga hagu zuwa dama bisa hanyar da sauti ke bi: mahaifa uku, da mahaɗa, da rariya, sannan mafita.

Ga makaɗin da ke gaban jama'a, dunƙulalliya ta fi. Ba ta da nauyi sosai, ba ta cin lokaci, kuma amonta mai kauri yana nan kusa da hannu. Amma abin da maƙeri ya zaɓa shi za ta bayar. Mai gaɓa-gaɓa tana da tsada da wuyar sha'ani, kuma da zarar an zare wayoyin, da ƙyar a sake samun sautin jiya. Duk da haka ita ce malama, domin komai nata a fili yake. Ɗalibi zai ga da idonsa cewa ƙarin bolt ɗaya yana ninka karkarwa, misali daga 220 zuwa 440 a daƙiƙa, murya ta yi sama. Tamkar makaɗan kalangun Mamman Shata ne: a matse tsirkiya, fata ta ɗaure, amo ya hau. Hatta zafi da sanyi suna karkatar da muryar na'urar analog, kamar yadda damina ke sassauta fatar ganga.

Wani zai ce ina makarantar Sabuwa ina sayen Moog? Ai ba sai an saya ba. Da ɗan guntun lantarki mai lamba 555, da batir mai bolt 9, da mamurɗi, da lasifikar tsohuwar rediyo, aji guda zai iya ƙera mahaifar sauti. Wani rukuni ya ƙera rariya, wani amfilifaya, sannan a haɗa su da waya. Mai gyaran rediyo na kasuwa zai taimaka da dalma.

Mamman Sani na Nijar ya naɗi kiɗan lantarki tun 1978. Saboda haka fannin ba baƙo ba ne a wannan yanki. Abin da ya rage shi ne a samu matasan da za su buɗe cikin na'ura su fahimce ta, har su ƙera tasu. Wannan aiki daga ajin fizis zai fara.