In An Ɗauke Wuta, Ruwa Ma Ya Tafi

'Yan uwana mazauna Agege da sauran zangonnin kudu.

Duk wanda ya taso a nan ya sani, da an ɗauke wuta famfo ma sai ya yi shiru. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, janaretan burtsatsen masallacinmu ya zama rami, Baba na cikin masu cike shi duk Juma'a. 'Yan garuwa kuwa, 'yan uwanmu, su ake zagi in jarka ta yi tsada, alhali su ma saye suke yi.

Babban layin wutar ƙasa ya faɗi sau da dama a 2024. Ita Legas tun 2010 aka yi wa matatun ruwanta na Iju da Adiyan tashar wuta mai aiki da gas a Akute.

Mu ba mu da gas, amma muna da rana. Ni dai a ganina, kuɗin da ake tarawa na sabon janareta a sayi sola da babban tanki da su. Inji ya cika tanki da rana, batir ma ba dole ba ne. Na san da damina hadari zai rage masa ƙarfi. To a ajiye tsohon janaretan saboda irin wannan rana.