Kada lissafi ya rufe wa yaranmu ƙofar da ke bakin gidansu



Bayan sujadar Lahadin da ta wuce, wata yarinya daga zumuntarmu ta jira har kowa ya watse, sannan ta miƙo mini takardar sakamakon jarrabawarta. Kiredit bakwai gare ta, har da Turanci. A lissafi kuwa D7 ta samu. Karo na biyu ke nan, kuma mahaifinta ya ce ba zai sake sayar da buhun masara ya biya mata ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba Fasto, ni dai kaina ba na lissafi ba ne."

Ban yarda da wannan magana ba. Yarinyar nan ita ke taya mahaifiyarta sayar da awara, ba ta taɓa kuskuren canji ba. Na tambaye ta ushirin naira 3,500, nan take ta ce 350. Ashe ta iya fitar da kashi 10 cikin 100, sai dai ba wanda ya taɓa nuna mata cewa abin da take yi a bakin kasko shi ne abin da ke kan allo.

Ku duba asarar da ke cikin wannan. Tun 2011 muke da Jami'ar Tarayya a nan Dutsin-Ma, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Yaron da ke Kurfi ba sai ya tafi Zariya ko Kano kafin ya yi karatu mai zurfi ba. Amma yawancin fannonin jami'a suna neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci da lissafi, wato aƙalla C6. Yaran wasu jihohi suna zuwa su yi karatu a garinmu, namu kuwa darasi ɗaya ya tsayar da su a bakin ƙofa.

Matsalar ba a aji shida take farawa ba. Yaro ya kasa gane rabi da kwata da sulusi a aji ɗaya, ajin cike maƙil, malami yana sauri ya kammala manhaja, shi kuma yana jin kunyar ɗaga hannu. Aljabara ta zo ta hau kan abin da bai gane ba. Sai saura wata uku jarrabawa mu fara neman mai lesin, alhali icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wasu iyaye ma, har a cikinmu, biya suke yi a rubuta wa yaro amsa. Wannan sata ce, kuma ba ta ɗorewa. Idan ya shiga jami'a, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Shawarata ita ce zumuntarmu ta buɗe zaman lissafi kowace Asabar, awa ɗaya da rabi, musamman don 'yan aji ɗaya zuwa huɗu. Benci da allo muna da su a majami'a. Ɗaliban jami'a da na kwaleji suna cikinmu, su za su jagoranta. Ba wurin kwafar aikin gida ba ne, ba kuma bulala. Wuri ne da yaro zai yi kuskure ba wanda ya yi masa dariya.

Me za a yi a can? A fara da kasuwa. Idan buhu yana ɗaukar tiya 40, aka saye shi naira 48,000, nawa za a sayar da tiya a sami ribar kashi 10 cikin 100? A sa su wasan dara, su riƙa faɗin dalilin kowane motsi kafin su yi shi, domin lissafi kansa bin dalili ne mataki-mataki.

Sannan a ba su labarin Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, malamin lissafi ɗan ƙasar Katsina. A 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan yadda ake jera lambobi a gidaje, kowane layi ya ba da jimla ɗaya, abin da muke kira hatimi. Ya rasu a Alƙahira a 1741. Na san wasu suna sa hatimi a laya, amma mu lissafinsa ne ya dame mu. Ku zana gidaje tara, uku-uku, ku zuba 1 zuwa 9 yadda tsaye da kwance da karkace duk za su ba da 15. Me ya sa 15? Domin jimlar 1 zuwa 9 ita ce 45, a raba ta layi uku. Yaron da ya gano wannan da kansa zai iya gano cewa a gidaje 25 amsar 65 ce. Daga ranar zai daina cewa lissafi na wasu mutane ne.

Wani dattijo zai ce majami'a ba makarantar boko ba ce. Ina girmama wannan damuwa, shi ya sa ban ce a taɓa lokacin addu'a ko nazarin Littafi Mai Tsarki ba. Amma mu tuna da Yusufu. Shawarar da ya ba Fir'auna ita ce a tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona shekara bakwai, kuma da wannan lissafi aka ceci rayuka daga yunwa. Wani kuma zai kawo batun tsaro, kuma yana da gaskiya. Sai mu fara da rana mu tashi kafin la'asar, kowa ya isa gida da haske. Mu kuma buɗe ƙofa ga yaran maƙwabtanmu Musulmi, domin tsoron lissafi bai bar gidan kowa ba.

Yarinyar nan za ta sake zama jarrabawa, amma mun yi alkawari da ita za ta koma ta fara daga rabi da kwata, ba tare da kunya ba. Ina neman matasa biyar da za su ba da Asabar ɗinsu na zango ɗaya. Ku ba sakataren zumunta sunayenku bayan sujada. Kafin nan ga aikin gida ga kowa, har da iyaye: me ya sa dole 5 ta zauna a gidan tsakiya?

Ubangiji ya ba yaranmu fahimi, ya ba mu zuciyar taimaka musu. Amin.