Ra'in Amiloyid-Beta da Cutar Gigin-Tsufa: Ina Hujja Ta Tsaya?

A shekarar 1906 likitan nan Bajamushe, Alois Alzheimer, ya yi wa takwarorinsa bayani a kan ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu tana da shekara 55, bayan ta daɗe tana fama da mantuwa da ruɗewa. Ya ga wasu gudaji a tsakanin ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwar, da wasu zaruruwa da suka cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin. Sai a 1984 George Glenner da Caine Wong suka ware furotin ɗin da ake kira amiloyid-beta, wanda aka tabbatar daga baya shi ne ke dunƙulewa ya zama gudajin. A 1992 John Hardy da Gerald Higgins suka fito da ra'in da ke cewa taruwar wannan furotin ita ce mafarin cutar Alzheimer, wadda ta fi kowace cuta haddasa gigin-tsufa, sauran ɓarnar kuwa biyo baya take yi. Fiye da shekara 30 ke nan wannan ra'i yana jan ragamar bincike da kuɗin bincike.

Ra'in yana da madogara mai ƙarfi ta fuskar gado. Ƙwayar gadon da ke samar da tushen furotin ɗin tana kan kuromosom na 21, kuma a 1991 an gano canji a cikinta a wasu iyalai da cutar ke kamawa tun da sauran ƙarfinsu. Masu larurar Down, waɗanda ke ɗauke da wannan kuromosom guda uku maimakon biyu, sukan tara gudajin tun kafin su kai shekara 40. A 2012 kuma an gano wani canjin a tsakanin mutanen Iceland wanda ke rage samuwar furotin ɗin, yake kuma kare mai shi daga cutar.

Saboda haka kuskure ne a ɗauka cewa abin kunyar da ya faru a 2022 ya rushe ra'in. A shekarar ce mujallar Science ta fallasa alamun an yi wa hotuna kwaskwarima a wata maƙala da Sylvain Lesné da abokan aikinsa na Jami'ar Minnesota suka buga a mujallar Nature a 2006, aka kuma janye maƙalar a 2024. Maƙalar ta shafi wani nau'i ɗaya ne kawai na furotin ɗin, hujjar gado kuwa ta girme ta.

Inda ra'in ya yi rauni shi ne gadon asibiti. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da aducanumab a 2021 ba da yardar kwamitin masu ba ta shawara ba, har uku daga cikinsu suka ajiye aiki, kamfanin Biogen kuma ya daina sayar da shi a 2024. Maganin lecanemab ya fi shi tagomashi. An gwada shi a kan mutum 1,795 na tsawon wata 18, ya share gudajin sosai, ya kuma rage saurin taɓarɓarewar tunani da kashi 27 cikin ɗari. Sai dai wannan kaso bambancin maki 0.45 ne a ma'auni mai maki 18, abin da da wuya ɗiyar da ke jinyar mahaifiyarta ta lura da shi. Kusan mutum ɗaya cikin takwas ya sami kumburin ƙwaƙwalwa, kuɗin da aka sanya wa maganin a 2023 kuma dala 26,500 ne a shekara. Idan an share gudaji amma mai cutar ya ci gaba da mance sunan jikokinsa, to amiloyid-beta bai isa ya ɗauki laifin shi kaɗai ba. Ga kuma tsofaffi da dama da ake samun gudajin a ƙwaƙwalwarsu alhali hankalinsu garau.

Akwai darasi a binciken da aka fara a 1992 na kwatanta Yarabawan Ibadan da baƙaƙen fatar Indianapolis ta Amurka. Sakamakon da aka buga a 2001 ya nuna sababbin kamuwa da cutar a Ibadan ba su kai rabin na Indianapolis ba. Wannan ya sa masana suka waiwayi abinci da lafiyar jijiyoyin jini. Kwamitin mujallar Lancet ma ya kiyasta a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin ɗari na gigin-tsufa yana da alaƙa da abubuwa 14 da za a iya magancewa, ciki har da hawan jini, ciwon suga, raunin ji da ƙarancin ilimi tun ƙuruciya. Fiye da kashi 60 cikin ɗari na masu larurar suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki ne, inda awon jini da ƙwayar hawan jini suka fi kusa da hannu a kan allurar dubban daloli. Ya kamata rabon kuɗin bincike ya nuna haka.

Wani abin lura ga manazarta harshe shi ne, binciken Ibadan bai yiwu ba sai da aka tsara tambayoyin gwajin tunani da Yarabanci, daidai da rayuwar tsofaffin da galibinsu ba su yi boko ba. A Hausa ma kalmar gigin-tsufa tana jingina larurar ga shekaru, kamar furfura, shi ya sa iyali sukan yi haƙuri da tsohon da ya fara ɓata a unguwarsu maimakon su kai shi a duba jininsa da jinsa.