Tsamiya Ta Fi Buhun Gawayi Daraja

A jihar Kerala da ke kudu maso yammacin Indiya, ba a cika dafa miyar kifi ba tare da an jefa mata wani baƙin busasshen ɓawo mai tsami da suke kira kudampuli ba. Ɗan itacen yana kama da ƙaramar kabewa. Idan ya nuna sai a tsaga shi, a fid da 'ya'yan, a shanya ɓawon a rana, sannan a bi shi da hayaƙi har ya yi baƙi ƙirin. Masana tsirrai suna kiran bishiyar Garcinia gummi-gutta, wato dangi ɗaya take da namijin goro. Matan Kerala kan dafa kifin a tukunyar ƙasa, kuma sun daɗe da sanin cewa miyar da aka sa wa wannan ɓawo tana kwana biyu ko uku ba ta lalace ba, duk da zafin ƙasarsu.

Mutumin Gaya ko Ajingi ba ya buƙatar zuwa Indiya kafin ya gane wannan hikima, domin tana nan a madafin gidansu. Abin da kudampuli yake yi wa kifin Kerala shi ne tsamiya take yi wa kunu da tuwon dawa. Bambancin kawai, can ana tattalin bishiyar, nan kuwa gatari ne yake bin ta.

Tsamin tsamiya ya samo asali ne daga wani sinadari mai suna asid ɗin tatarik, wanda yakan kai kashi 8 zuwa 18 cikin ɗari na naman busasshiyar tsamiya. Da wuya a sami ɗan itacen da ya kai ta yawansa. Masana suna auna tsami da wani ma'auni da ake kira pH, mai lamba daga 0 zuwa 14. Tsabtataccen ruwa yana kan 7, kuma duk abin da ya yi ƙasa da haka mai tsami ne. Ruwan tsamiya yana wajen 3. To, yawancin ƙwayoyin bakteriya masu ɓata abinci da masu sa ciwon ciki ba sa iya hayayyafa sosai idan lambar ta sauka ƙasa da 4.6, kuma ƙwayar cutar kwalara tana cikin waɗanda tsami ya fi yi wa illa. Saboda haka uwar gidan da ta jiƙa tsamiya ta tace ruwan ta dama kunu, ko ta tuƙa tuwon da za a ɗumama da safe, aikin kimiyya take yi ko da ba ta taɓa shiga aji ba. Wannan ba ya nufin tsami zai maye gurbin wanke hannu da rufe abinci. Taimako ne kawai yake yi.

Ɗaliban kimiyya za su so su ji cewa wannan sinadari yana da tarihi. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, shi ya fara ware shi a 1769. A 1848 kuma Louis Pasteur na Faransa, yana duba ƙanƙarar gishirinsa da madubin ƙara girma, ya gano cewa iri biyu ne masu kama da juna kamar hannun dama da na hagu. Daga nan aka buɗe wani babban reshe na ilmin haɗa sinadarai. Abin da ke cikin kofin kunun buɗa-baki ke nan.

Sunan da Turawa suke kiran tsamiya da shi daga Larabci ya fito, tamar hindi, ma'ana dabinon Indiya. Amma masana da yawa sun tafi a kan cewa asalin bishiyar daga busassun yankunan Afirka ne, an kai ta Indiya tun zamanin da. Yau Indiya ce kan gaba a duniya wajen samar da ita. Suna ɓare ta, su cire ƙwallon, su cuɗa naman da gishiri ya daɗe a ajiye. Ƙwallon ma ba sa zubarwa: niƙa shi suke yi, garin ya zama sitacin da masaƙu ke ƙarfafa zare da shi. A 1992 jami'ar aikin gona ta jihar Tamil Nadu ta fito da wani zaɓaɓɓen iri mai suna PKM-1, wanda ake yi wa aure kamar yadda ake yi wa mangwaro. Tsamiyar da aka shuka daga ƙwallo takan ɗauki shekara bakwai zuwa goma kafin ta fara 'ya'ya. Mai aure kuwa shekara uku zuwa huɗu ta ishe ta.

A ƙasar Gaya da Ajingi, kamar sauran karkarar Kano, kusan duk tsamiyar da mutum zai gani a gona ko a bakin hanya ba wanda ya shuka ta a wannan zamani. Gado ce. Wanda ya lura zai ga manya ne tsofaffi, ƙananan da za su gaje su ba su da yawa, domin wadda ta tsiro da kanta akuya ko garma ba ta barin ta. Ga shi kuma itacen tsamiya yana da nauyi da tauri, gawayinsa yana daɗewa yana ci, don haka masu gawayi da masu sayar da itacen girki suke son sa. Gaya ta san darajar gawayi tun fil azal, tunda tarihin Kano ya nuna cewa Abagayawa, maƙeran da suka fara zama a gindin Dala, daga Gaya suka taso neman tama. Sai dai maƙerin da yake ƙona abin da zai ishi zugarsa daban, motar da take lodin buhuna zuwa birni daban.

Me ya kare tsamiya a da? Gaskiya tsoro ne. An ɗauke ta a matsayin gidan iskoki, yaro ba ya zama gindinta da tsakar rana, babba ma sai ya yi shawara kafin ya ɗora mata gatari. Wannan tsoro ya ragu, kuma babu mai hankalin da zai ce a dawo da shi. Matsalar ita ce an cire tsoron ba a sa komai a gurbinsa ba. Abin da ya kamata ya shiga gurbin shi ne lissafi. Bishiyar da aka sare kuɗinta sau ɗaya ake karɓa, a kashe su cikin mako. Wadda aka bari tana iya wuce shekara ɗari tana zuba 'ya'ya kowane rani, daidai lokacin da aikin gona ya ƙare kuma aljihun manomi ya fara sauƙi. Kasuwarta ba ta mutuwa: ana neman ta a Wudil ranar Juma'a, ana tara ta a Dawanau a yi gaba da ita, kuma idan azumi ya zo kowane gida sai ya saya. Tsofaffin masaƙa za su ƙara da cewa zaren rigar tsamiya, wadda a da sai manyan mutane, daga saƙar wata tsutsa mai cin ganyen wannan bishiya ake samun sa.

Manoma suna da hujjarsu, kuma bai kamata a raina ta ba. Inuwar tsamiya tana da duhu, ba ta zubar da ganye da damina kamar gawo, don haka gero da dawa ba sa yin kirki a ƙarƙashinta. Mai gona ƙarama yana ganin kowane taku. Akwai kuma wani ƙwaro mai huda ƙwallon tsamiya, wanda shi ne dai yake ɓarna a gyaɗar da aka adana, saboda haka ajiye su wuri ɗaya kuskure ne. Amma duk wannan magana ce ta inda za a dasa da yadda za a adana. Tsamiya ba sai a tsakiyar gona ba. Akwai iyakar gonaki, da bakin hanya, da kasuwanni, da maƙabartu, da filayen makarantu da yawansu babu inuwar da ɗalibi zai fake. Cire ƙwallon kafin ajiya kuma yana rage ɓarnar ƙwaron ƙwarai.

A nan ne makarantun sakandare suke da abin yi, kuma ba ya cin kuɗi. Malamin kimiyya zai iya jiƙa zoɓo ya raba ruwan kofi biyu, ya ɗiga ruwan tsamiya a ɗaya, ruwan kanwa a ɗaya. Na farko zai ƙara ja, na biyu zai juya ya yi duhu-duhu mai ratsin kore, ɗalibai su ga bambancin asid da kishiyarsa da idonsu ba tare da an sayo komai daga kanti ba. Ƙwallayen da aka tace kuwa kada a zubar. A ɗan kankare bayansu ko a jiƙa su kwana ɗaya, a shuka a leda, cikin mako biyu za su tsiro. Idan damina ta kankama a dasa, a kewaye kowace da ƙaya saboda awaki, a damƙa ta ga aji ɗaya su riƙa ba ta ruwa a ranin farko da na biyu.

Aikin auren kuwa na masana ne. Jami'ar kimiyya da fasaha da ke Wudil, wadda aka kafa a 2001, tana maƙwabtaka da Gaya, kuma tana da tsangayar aikin gona. Babu abin da zai hana ɗalibanta su zagaya ƙauyukan Gaya da Ajingi su tambayi mata wace bishiya ce tsamiyarta ta fi nama da ƙarancin ƙwallo, domin matan sun san su ɗaya bayan ɗaya, su yanko rassanta a aura wa ƙananan da makarantu suka raina, tun ba a wayi gari an tarar da kututturenta kawai ba.