Tsohon helikwafta da masu sanin halinsa

Duk wanda ya saba kallon finafinan yaƙi zai ɗauka tayar da helikwafta abu ne na murɗa makulli: soja ya sheƙo a guje, ya faɗa kujera, farfela ta hau juyawa, sai sama. Matuƙan da suka yi aiki da tsofaffin jirage suna dariyar wannan. A wurinsu, minti ɗayan farko na tayar da inji yana cikin lokutan da mutum ba ya ko ƙifta ido, domin sakacin daƙiƙa biyar a nan ya isa ya ƙona injin da kuɗin gyaransa zai sayi gidaje.

Dalilin ba wani boyayye ba ne. Injin irin waɗannan jirage yana rayuwa ne da iska. Yana zuƙarta, ya matse ta, ya haɗa ta da kananzir, ya kunna wuta. Mafi yawan iskar da ke ratsa shi aikinta sanyaya ciki ne, kaɗan ce ake ƙonawa. Kafin injin ya iya riƙe kansa, batir ne ke juya shi ta hanyar sitata. Idan mai ya shiga kafin iska ta wadata, wuta za ta kama babu abin da zai tsare ta, zafi ya haura abin da ƙarfe zai ɗauka. A jirgin Bell 206, wanda sojojin ƙasa da na ruwa na Amurka suka shafe shekaru suna koyar da ɗalibai da shi, matuƙi yana danne da maɓallin sitata har injin ya kai kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari na gudunsa, sannan ya buɗe mai. Daga nan idonsa na kan allurar zafi. An yarda ta wuce maki 810 na daƙiƙa goma kawai, kuma 927 ne iyaka. In ta doshi wajen, sai ya katse mai nan take amma ya ci gaba da danna sitata, don iska ta kwashe zafin. Wanda ya firgita ya saki maɓallin ya gama da injin.

Abubuwan da ke jawo haka kuwa ƙanana ne. Batir ya yi sanyi. Iska na busowa ta baya tana mayar da hayaƙi cikin salansa. An kashe injin bai huce ba aka sake tayarwa. Shi ya sa tsofaffin matuƙan UH-1, wanda aka fi sani da Huey, suke kallon ma'aunin wutar batir kamar yadda suke kallon na zafi, suna kuma leƙa farfela su ga ko ta fara motsi a kan kari. Jirgin nan ya fara tashi a 1956, an ƙera sama da 16,000, kimanin 7,000 sun yi aiki a Biyetnam, kuma har yau akwai rundunonin da ke tuƙa shi. Waɗanda suka gabace shi, irin su Sikorsky H-34 mai injin fistin, nasu halin daban ne: in jirgi ya kwana a ajiye, baƙin mai kan taru a silindojin ƙasa, kuma wanda ya tayar ba tare da an duba ba zai iya lanƙwasa ƙarfen ciki.

Jiragen Rasha da muka fi sani a nan, Mi-17 da Mi-35, suna bin wata hanyar. Akwai ɗan ƙaramin inji mai suna AI-9V da ake fara tayarwa, shi ne zai hura iskar da za ta juya manyan injina biyu, ɗaya bayan ɗaya. Idan wannan ɗan ƙaramin ya ƙi, jirgi mai ɗauke da rokoki da bindiga ya zama kayan kallo a filin jirgi, ko da kuwa ana ta kiran ɗauki ta rediyo.

Daga irin wannan zama ne labaran matuƙa suke fitowa. Za ka ji ana cewa wancan jirgin ba ya son sanyin asuba, wannan kuma sai an ɗan jinkirta masa mai. Sojojin kundumbalar Amurka da suka tuƙa CH-46 har zuwa 2015 suna da barkwancin cewa in ka ga jirgin ya daina ɗigar mai, to man ne ya ƙare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wannan sani ya ceci rayuka da yawa.

Sai dai ra'ayina shi ne, labaran nan suna da daɗin ji fiye da yadda suke da amfani, muddin a baki suka tsaya. Abin da matuƙi yake kira halin jirgi, sau da yawa lahani ne da bai kai ga yin ɓarna ba tukuna. Injin da kullum yake tashi da zafi fiye da 'yan uwansa yana faɗar wani abu: ko ƙura ta cinye fukafukan da ke matse iska, ko bututun feshin mai ya toshe, ko batir ya kusa mutuwa. Ranar da aka ce "haka yake yi" aka wuce, ranar aka fara saba wa haɗari. Mafi muni kuma shi ne matuƙin da ya ƙona inji a ɓoye ya yi shiru don tsoron hukunci. A tsofaffin jirage babu na'urar da ke rubuta abin da ya faru. Injin zai ci gaba da aiki, sai bayan makonni ya mutu a hannun wani, a sama. Rundunar da take hukunta mai faɗin gaskiya daidai da mai sakaci, ita ce ke koya wa mutanenta ɓoye irin wannan.

Tarihi ya nuna yadda ƙaramar matsala ke rusa babban shiri. A watan Afrilun 1980 Amurka ta tura helikwafta RH-53D guda takwas cikin hamadar Iran don kuɓutar da mutanenta da ake tsare da su a Tehran. Ɗaya aka bar shi a hanya saboda alamar tsagewar farfela, ɗaya ya juya bayan guguwar ƙura da lalacewar na'urori, ɗaya kuma famfon haidirolik ɗinsa ya mutu. Shida ake buƙata, biyar suka rage, aka soke aikin tun kafin a haɗu da abokin gaba. Wajen janyewa ma aka yi karo da jirgin C-130, mutum takwas suka mutu.

Ƙurar da ta wahalar da su baƙuwa ce a wurinsu, mu kuwa da ita muke kwana. Jirgin da ke aiki a Maiduguri ko Diffa yana shaƙar hazo watanni a jere, sannan bazara ta zo da zafin da ya haura maki 40, iska ta yi sakayau, inji ya rage ƙarfi. Ga kuma matsalar kayan gyara: masana'antar Motor Sich da ke Zaporizhzhia a Yukren tana cikin manyan masu ƙera injinan jiragen Mi, kuma tun 2022 yaƙi ya dagula wannan hanya.

Saboda haka idan ana murnar sayen sababbin jirage, irin T129 na Turkiyya ko AH-1Z guda 12 da Amurka ta amince a sayar wa Nijeriya a 2022, ya kamata 'yan majalisar da ke duba kasafin tsaro su yi tambayoyin da ba sa jawo tafi. Nawa aka ware wa batura da injinan ba da wuta a ƙasa? Kayan gyaran shekara nawa aka haɗa cikin cinikin? Makanikai nawa cibiyar fasaha ta sojan sama da ke Kaduna take yayewa, kuma me ake ba su da zai hana kamfanonin jiragen haya kwashe su? Gaskiya ne sababbin jirage kwamfuta ce ke tayar da su, ita ke auna mai ta katse shi in zafi ya yi yawa. Amma tsofaffin ba gobe za su bar aiki ba, sababbin ma za su tsufa a cikin ƙurar nan.

Abu mafi araha kuma shi ne a zaunar da tsofaffin matuƙa da sajan-sajan na gareji kafin su yi ritaya, a rubuta abin da suka sani game da kowane jirgi, a bi kowane "hali" a gano sababinsa. Wanda za a iya gyarawa a gyara, wanda ba za a iya ba a koyar da shi a makarantar helikwafta ta Inugu. Wannan ba ya buƙatar kwangilar biliyoyi, umarni kawai yake buƙata daga sama.